Shatar jirgin ruwa a tsibiran Ibiza da Formentera

 

Yau shirin namu zai ƙetare hamada, ya ƙetare ruwa, mu leƙa wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba amma mun sha ganinsa a waya. Ku tuna hotunan da ƴan ƙwallon Turai ke sakawa idan an tashi daga kakar wasa: farin jirgi fes, ruwa shuɗi kamar an jiƙa baba, mutum kwance a bayan jirgin ba abin da ya dame shi. Sau da yawa wurin nan Ibiza ne, ko ƙaramar maƙwabciyarta Formentera. Kuma sau da yawa jirgin ba na mai hoton ba ne. Shatarsa ya yi na kwana bakwai, kamar yadda ɗayanku kan yi shatar kamyo ya kai wake ko albasa tsallaken iyaka. To tunda shata ce, ai sana'a ce. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai yaran mota, akwai kuma wanda ake taka wa gona a hanya. Da wannan idon za mu dube ta.

Tsibiran nan biyu na ƙasar Sifaniya ne, a cikin tekun Bahar Rum. Su huɗu ne manya a rukuninsu: Mayorka, Menorka, Ibiza da Formentera. Ibiza ba ta kai murabba'in kilomita 600 ba, mutum zai ratsa ta a mota cikin awa guda. Formentera kuwa murabba'in kilomita 83 ce kacal, ba ta da filin jirgin sama, sai dai a shiga ta ruwa, tafiyar kamar kilomita 20 daga tashar birnin Ibiza. Mazauna tsibiran biyu a haɗe ba su kai 200,000 ba, amma baƙin da ke sauka a shekara sun wuce miliyan 3, kuma mafi yawansu cikin watanni huɗu ko biyar na zafi suke zuwa. Ku kwatanta da mashayar da aka haƙa don garke ɗaya, sai ga garke goma sha biyar sun sauko rana ɗaya.

Kafin ƴan yawon buɗe ido, arzikin Ibiza gishiri ne. Fatake ne na teku, waɗanda ake kira Finikiyawa, suka kafa garin fiye da shekara 2,600 da suka wuce. Musulmi sun riƙe tsibirin daga wajen shekarar 902, suna kiransa Yabisa, har zuwa 1235 da Kiristocin Kataloniya suka ƙwace shi. Duk wanda ya mulki wurin, gishirin ya fara sa wa hannu. Har gobe ana tare ruwan teku a fadamun kudancin tsibirin, rana ta ƙafar da shi, a tara gishirin tsibi-tsibi, jirage su kwashe zuwa arewacin Turai inda ake gyara kifi da shi, ana kuma watsa shi a kan titi lokacin ƙanƙara. Masu ayarin Bilma da Fashi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan.

Abin da ya fitar da sunan Ibiza duniya a zamanin nan shi ne gidajen rawa. Akwai Pacha da aka buɗe a 1973, akwai Amnesia, akwai Ushuaïa da sauransu, wasunsu na ɗaukar mutum dubbai a dare ɗaya. Ana buɗe su wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, a rufe a Oktoba. Kiɗa ne da giya da abin da ya fi giya har gari ya waye. Ba tallarsa muke yi ba, kuma su kansu mutanen tsibirin da yawa abin ya ishe su. A 2020 hukumar yankin ta kafa dokar taƙaita sayar da giya da dare a unguwannin da abin ya fi ƙamari, ciki har da wani sashe na garin San Antoni a Ibiza, a 2024 kuma ta ƙara da hana jiragen casu matsowa kusa da gaɓar waɗannan wurare. Amma dai daren nan shi ke jawo masu kuɗi, kuma mai kuɗin da ya kwana a gidan rawa ba ya son ya wuni cikin cunkoson bakin ruwa. Yana son inda mota ba ta zuwa. Nan kasuwar shatar jirgi ta samo asali: dare a Ibiza, rana a Formentera.

Shatar iri-iri ce. Akwai ta wuni ɗaya, a fita da hantsi a dawo da almuru. Akwai wadda za a ba ka jirgin kawai, kai ne matuƙi, kai ne mai dafa abinci. Wannan sai ka nuna lasin tuƙin jirgi da hukuma ta yarda da shi, kuma ka ajiye kuɗin jingina, in ka goga jirgin a dutse a cire daga ciki. Irin wannan yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa. Akwai wadda ake haɗa ka da matuƙi, kana biyansa kullum, kuma cinsa na wuyanka. Sai babbar, wadda kuke gani a hotuna: jirgi mai tsawon mita 30 ko 50 ko fiye, da kyaftin, da injiniya, da kuku, da masu gyaran ɗaki. Wani abin mamaki, komai girman jirgin da wuya ka ga ya ɗauki baƙi fiye da 12. Dalili, a dokar teku ta duniya jirgin da ya ɗauki fasinja sama da 12 ya zama jirgin fasinja, sharuɗansa kuma masu tsauri ne da tsada. Don haka za ka tarar da jirgin da ma'aikatansa sun fi baƙinsa yawa.

Yanzu ku matso, ƴan kasuwa, mu yi lissafi, don nan ne daɗin zancen yake.

Mai jirgi ba ya zama ya yi ciniki da mai shata. Shi yana da wakilinsa, mai shata yana da dillalinsa, kuma la'adarsu daga kuɗin shatar take fita, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Yarjejeniyar da aka fi amfani da ita a Bahar Rum ta wata ƙungiyar dillalan jirage ce da ake kira MYBA. Ranar da aka sa hannu, mai shata zai biya rabin kuɗin, kafin alƙalami ke nan. Sauran rabin sai kamar wata ɗaya kafin tafiya. In ya fasa, abin da ya bayar ya tafi, sai fa in an dace an sami wani ya karɓi makon.

Mu ɗauki misali, a ce an yi ciniki a kan Yuro 100,000 na mako ɗaya. Wannan ba shi ne mafi tsada ba, ko kusa. Akwai na Yuro dubbai kaɗan, ƙananan masu tafiya da iska, akwai kuma waɗanda makonsu ya wuce miliyan. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, don haka muna maganar sefa miliyan 65 da ɗoriya. Wannan kuɗin jirgi ne da ma'aikata da inshora, shi ke nan. Gwamnatin Sifaniya za ta ɗora harajinta na kashi 21 cikin ɗari, Yuro 21,000. Sannan akwai abin da zan kira kuɗin guzuri, wanda ake damƙa wa kyaftin tun kafin a tashi, yawanci wajen kashi 30 cikin ɗari: Yuro 30,000. Daga ciki ake sayen mai, da abinci, da abin sha, da kuɗin kwana a tasha. Kyaftin na riƙe da rasiɗai. Ranar sauka a baje lissafi, in an yi ragowa a mayar maka, in an zarce ka cika kafin ka taka ƙasa. Bayan haka sai tukuicin ma'aikata, wanda ba dole ba ne a takarda amma kunya ta mai da shi dole, kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Mu sa 10. Ku tara: Yuro 161,000, sefa miliyan 105 da wani abu. Kowa ya san kuɗin bijimi a kasuwarsa, sai ya raba ya ga garke nawa ke narkewa cikin kwana bakwai.

Abin da ya fi cin guzurin nan mai ne. Jirgi mai inji na mita 30 in ya saki gudu yana iya shan lita 300 ko fiye a awa ɗaya. Masu harkar jarka, lita 25 sau 12 ke nan, kafin ka gama shan shayi zagaye uku. Ko yana tsaye ma janareto ba ya mutuwa, saboda na'urar sanyaya ɗaki da firiji da injin tace ruwa. Sai kuɗin tasha: a watan Agusta wurin ɗaure babban jirgi a bakin birnin Ibiza yana cikin mafi tsada a duk Turai, dare ɗaya na iya cin dubban Yuro, kuma sai ka yi kamun ƙafa tun da wuri.

Kada ku ɗauka mai jirgin yana kwasar riba. Masu harkar suna da wani ƙiyasi da suka saba faɗa, cewa riƙon jirgi a shekara yana cin kamar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin sayensa: albashi, gyara, fenti, inshora, tasha. Makonnin shatar kuwa ƙalilan ne. Mafi yawan masu manyan jiragen suna ba da shata ne don a rage musu nauyi, kamar mai doki da ke ba da aronsa ranar hawa don ya sami na dawa da harawa. Waɗanda kuɗin ke zama a hannunsu su ne dillalai, da masu tashoshi, da masu sayar da mai da kayan abinci. Wani abu kuma da zai ba ƴan iyaka dariya: ku dubi tutar da ke bayan jirgin. Mai shi yana wata ƙasa, jirgin na yawo a ruwan Sifaniya, tutar kuwa ta Malta ce ko ta tsibiran Kayman ko Marshal, inda rajista da haraji suka fi sauƙi. Ashe neman ƙofar da duwan ɗinta ya fi sassauci ba mu muka fara ba. Suna ma da nasu ƴan kabu-kabun: jiragen da ke shigowa da zafi ba lasin shata, su ɗauki baƙi a ɓoye a wani lungu, su karya farashi, masu lasin na ta kai ƙara.

Yaya makon ke tafiya? A tashi daga birnin Ibiza, ƙarƙashin tsohuwar ganuwar da ake kira Dalt Vila, a ratsa mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu. Mashigin nan ba shi da zurfi, ga duwatsu, ga jiragen fasinja na kai da komo, don haka matuƙi ba ya gyangyaɗi a wurin. A tsaya a Espalmador, ƙaramin tsibiri da ba gari a kansa, ko a gaban rairayin Illetes, wanda ake sawa cikin mafi kyau a Turai. A yi wanka, a sauka da ƙaramin kwalekwale a ci kifi, da yamma a juya yamma a kalli faɗuwar rana a bayan dutsen Es Vedrà. Dare ya yi a koma gari. Washegari haka, da ɗan canjin lungu.

Sai dai duk kuɗinka, ba kai ke da maganar ƙarshe ba. A rubuce yake cikin yarjejeniya: in kyaftin ya ce iska ba ta yarda ba, ba a fita, kuma ba a mayar da ko sisi don an yi kwana biyu a ɗaure. Madugu ne, in ya ce a sauke, a sauke. A tsakiyar Agustan 2024 wata guguwa ta auka wa Formentera da rana tsaka, ta tsinke jirage da dama daga inda suka kafe, ta watsa su kan duwatsu da rairayi. Tekun da ke kwance kamar tabarma da safe, kafin azahar ya zama wani abu dabam.

Yanzu ga inda nake son makiyaya su buɗe kunne, don wannan maganarku ce, ko da yake a ƙarƙashin ruwa take.

Me ya sa ruwan Formentera ke da haske haka, har mutum na hango ƙasan teku daga kan jirgi? Ciyawa ce. Sunanta posidoniya, kuma a Bahar Rum kaɗai take fitowa. Ba gansakuka ba ce. Tsiro ne sosai mai saiwa da ganye, yana fure yana ƴaƴa, ganyensa dogaye kamar ɗauri-ɗaurin igiya. Yana shimfiɗa daga bakin gaɓa har zurfin mita 35 zuwa 40, fili guda, iya ganinka. Yana yaɗo ta ƙarƙashi kamar kirikiri, saiwa na bin saiwa. Ganyen na tare ƙura da laka su kwanta, shi ya sa ruwan ke tsabta. Saiwar na riƙe rairayi kada igiyar ruwa ta kwashe. A cikinta ƙananan kifaye ke ɓuya su girma. A 1999 hukumar UNESCO ta sa filayen ciyawar nan da ke tsakanin Ibiza da Formentera cikin kayan gadon duniya, tare da tsohon birnin. Masana sun gano a wurin tsiro guda da ya yaɗu tsawon kilomitoci, suka ƙiyasta shekarunsa da dubbai masu yawa, wasu ma sun ce ya kai 100,000.

Aibinta ɗaya, rashin sauri. A shekara ƴan santimita kaɗan take matsawa, abin da bai wuce tsawon yatsa ba. Ciyawarmu in wuta ta cinye ta, ruwan farko ya zuba sai ka ga tsanwa. Wannan in aka tumɓuke ta, wanda ya tumɓuke ba zai ga ta dawo ba, wataƙila jikansa ma ba zai gani ba.

Abin da ke tumɓuke ta shi ne anga, wato ƙaton ƙarfen nan mai ƙugiya da jirgi ke jefawa ƙasa don ya tsaya. Ƙugiyar kanta na cizon wuri ɗaya, in an zo ɗagawa ta fito da saiwa kamar garma. Amma sarƙar ta fi ɓarna. Babban jirgi na sakin sarƙa mai nauyi ta mita gommai, ta kwanta a ƙasa. Iska ta juya, jirgi ya juya, sarƙar ta share da'ira. Kun san yadda akuyar da aka ɗaure a turke ke cinye zagayenta ƙaf har ƙasa ta fito? To haka, sai dai wannan turken ana cire shi kullum a kafa a sabon wuri, kuma a rana ɗaya ta Agusta jirage ɗaruruwa ne ke tsaye a gaban Formentera. Mai shatar da ke sama yana shan abin sanyi bai ga komai ba, kuma galibi ba mugunta ce ta kawo shi ba. Hasken ruwan ya biya kuɗi ya zo gani, ƙarfen jirginsa kuma na kashe abin da ke ba ruwan haske.

A 2018 hukumar tsibiran ta fitar da doka: haramun ne a jefa anga a kan posidoniya, ko a bar sarƙa ta kwanta a kanta. Sai a nemi farin rairayi a jefa. An zana taswira, ana iya dubawa a waya, a ga inda ciyawa take da inda babu. A wasu wurare, kamar Espalmador, an kafa turaku na dindindin a ƙasan ruwa da balan-balan a sama, ka yi rajista ka biya ka ɗaure jirginka ba tare da ka jefa komai ba. Da zafi kuma akwai ƙananan jiragen sintiri da ke zagayawa, su leƙa ƙasa, in sun ga ƙarfenka a kan ciyawa su ce ka matsa, mai taurin kai a rubuta shi a ci shi tara. Burtali ne da hurumi, aka shata a cikin teku.

Kuma rigimar da ta biyo baya za ku gane ta. Masu jirage suka ce an mai da su saniyar ware: ai ruwan ƙazantar garuruwa da ake turawa teku ta bututu, da ruwan gishiri mai kauri da masana'antun tace ruwa ke zubarwa, da ɗumamar tekun kansa, duk suna kashe ciyawar, me ya sa sai su ake bi da sanda? Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Amma a ganina laifin wani ba ya wanke naka, kuma cikin duk masu ɓarnar nan anga ce aka fi saurin hanawa, tunda matsawa mita hamsin ba ta rage wa kowa hutu. Inda dokar ke da rauni shi ne inda tamu ke da shi: fili da faɗi, masu tsaro kaɗan, kuma tarar da za ta karya ƙaramin mai kwalekwale, ga wanda ya kashe sefa miliyan ɗari a mako kuɗin goro ce.

Tunda muna zancen kiwo, bari in ɗan ratse. Dutsen nan Es Vedrà da ake zuwa kallo, tsayinsa wajen mita 400 ne, a tsaye cikin ruwa, ba mai zama a kai. Iyalan da ke da shi sun saba sakin awaki a can su yi kiwon kansu, lokaci-lokaci a je da kwalekwale a kamo. Masana tsirrai suka ce awakin na ƙarar da wasu tsirrai da ba a samu sai a yankin. A farkon 2016 hukuma ta tura maharba suka bindige su, kimanin 50. Aka yi ta cece-kuce har da zuwa kotu. Na kawo wannan ne don ku ga akuya ba ta da lauya ko a Turai. Ita an gama da ita cikin kwana ɗaya, sarƙar manyan jirage kuwa sai da aka yi shekaru ana rubuce-rubuce. A Formentera dai har yanzu akwai tumaki da awaki, kuma manoman can na da wata dabara mai kyau: suna tokare rassan ɓaure da sanduna masu baki biyu, itacen ya baje kamar rumfa, dabbobi su yi ƙailula a ƙarƙashi.

A kan tudu ma akwai masu biyan kuɗin da ba a rubuta a yarjejeniya ba. Ruwan sha ya yi ƙaranci. Rijiyoyin Ibiza an ja su har ruwan teku ya fara kutsowa cikin wasu, kogin Santa Eulariya da ake cewa shi kaɗai ne kogi a rukunin tsibiran yawancin shekara a bushe yake, yanzu masana'antu uku ne ke tace ruwan teku don a sha, Formentera na da tata guda. Formentera ta fara ƙayyade yawan motocin baƙi da ke shiga da zafi tun 2019. Gidan haya kuwa ya gagari ma'aikaci. Masu wanke kwanuka, da masu gyaran ɗakin otal, har da wasu ma'aikatan gwamnati da aka turo daga babban yankin ƙasar, akwai masu kwana a mota ko a tanti a bayan gari. A 2024 an tashi ɗaruruwan mutane daga wani irin wannan sansani da ake kira Can Rova. Albashin ya fi namu nesa ba kusa ba in ka juya shi sefa, amma gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu na iya cinye kaso mai tsoka.

A rairayin kuma za ku ga ƴan uwanmu baƙar fata, da yawansu ƴan Senegal, suna yawo da tabarau da zannuwa da jakunkuna a hannu. Talla ce irin wadda muka sani, sai dai a can ba a yarda da ita ba sai da izini. Ɗan sanda ya zo a tattare a ruga, in an kama ka kaya sun tafi ga tara.

Akwai kuma wani jirgin da ke isowa gaɓar nan wanda ba shata irin wadda muka lissafa ba. Daga Formentera zuwa gaɓar Aljeriya bai kai kilomita 300 ba. Ƴan shekarun nan hanyar ta buɗe: ƙananan kwalekwale na roba ko na fiba, injin guda, mutum ashirin a matse, ba kyaftin mai lasin, ba rigar ruwa ta kirki. A 2024 kusan mutum 6,000 suka sauka tsibiran huɗu ta wannan hanya. Da can ƴan Aljeriya ne kusan duka, yanzu akwai ƴan Mali da Gini da Somaliya da sauransu. Waɗanda suka isa ke nan. Akwai kwalekwalen da suka tashi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, akwai gawawwakin da ruwa ke kawowa rairayin da ake biyan miliyoyi a kalla. Kafin ma a kai bakin ruwan, mutanen Agadas da Arlit sun san motocin da ke juye mutane a kusa da Assamaka, su ƙarasa da ƙafa cikin rana. Shi ma wannan jirgin da dillali, da kafin alƙalami, amma ba takarda, ba ranar baje lissafi, ba wanda za ka kai ƙara.

Ga samari masu cewa su aikin jirgin suke so, ba hutun ba: aikin gaskiya ne, kuma akwai kuɗi a cikinsa, amma ƙofarsa sananniya ce. Sai da takardar horon kare kai a teku da ake kira STCW, da takardar likita ta ma'aikatan jirgi, da fasfo da izinin shiga, da Turancin Ingilishi, da iya iyo. A yankinmu akwai makarantun aikin teku a Oron ta Najeriya, da Akara, da Abijan. Aikin kansa wanke-wanke ne da goge-goge daga asuba har tsakar dare, a ɗakin kwana da bai fi shagon mai shayi ba. Sannan ku riƙe wannan: yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006 ta hana a karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci don a sama masa aiki a jirgi; mai jirgi ne ke biyan dillali. Duk wanda ya turo maka hoton farin jirgi ta WhatsApp ya ce ka aiko da kuɗin fom ko na kujera, ka riƙe ɗan maraƙinka.

Oktoba na ƙarewa gidajen rawa su rufe. Manyan jiragen wasu su nufi Palma a ɗaga su a yi musu fenti, wasu su ƙetare tekun Atlantika zuwa tsibiran Karebiyan inda tasu kakar ke farawa a Disamba. Ma'aikata su watse. A daidai lokacin ne posidoniya ke zubar da tsohon ganye, igiyar ruwa ta turo shi gaɓa ya taru tuli-tuli, wani wurin ya kai ƙugun mutum. Baƙi ba sa son ganinsa, don haka da zafi akan kwashe a wasu wurare, amma da sanyi ana barinsa, shi ke tare rairayin kada guguwa ta tafi da shi. Mutanen da can kuwa da amalanke suke zuwa su ɗiba. Su shanya, su shimfiɗa a rufin soro don ya tare zafi da sanyi, su zuba a garke dabbobi su kwanta a kai, saboda gishirin da ke jikinsa ba ya barin ƙwari su zauna. In ya gama shan fitsari da kashi, a kwashe a kai gona.

Nan za mu dakata. Masu tafiya Allah ya kai ku lafiya, masu kiwo Allah ya ba da ciyawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.